Ganye Na Bakwai

"Innalillahi! Warware mata ɗinki kike yi?!"

Ko sallamarta ban ji ba. Ina zaune a bakin taga, zoben katako a cinyata, ina cire koren zare daga jikin yadi da bakin allura, giciye ɗaya bayan ɗaya. Wanda na riga na ciro ya taru a kan faranti, duk ya nannaɗe.

Na ɗago kai.

Mai Inji ce tsaye a ƙofar ɗakina. 'Yar ƙanwar Hajiya ce, Hajiya kuwa ita ce mahaifiyar wanda nake so, kuma kowa a danginsu ya san wa aka daɗe ana ajiye masa. Hannu ɗaya ta dafe ƙirji da shi, ɗayan tuni ya lalubo waya daga jaka.

"Sannu da zuwa," na ce. "Ga kujera."

"Hajiya ce ta ce in leƙo in ga inda aiki ya kwana... ashe ga inda ya kwana!"

Ƙyas, ta ɗauki hoton farantin. Ƙyas, ta ɗauki na yadin.

"Ba abin da kike zato ba ne."

"Ai ni ba na zato, 'yar uwa. Ido ya gani, waya ta shaida."

Ta juya ta fice, takalminta na ƙwas-ƙwas har bakin ƙofar gida. Ko ruwan da Mama ta kawo mata ba ta kalla ba. Wadda ta tsinci dami a kala, ina ta ga ta shan ruwa?

Na tsorata, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban ajiye allurar ba, don kwana goma kacal suka rage min.

Bari in koma baya, ku ji yadda aka yi na ɗora aurena a kan tsinin allura.

A gidanmu Saura Kiris ake ce min. Ni na jawo wa kaina. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu na iya ɗinkin giciye, wanda ake yi a kan yadi mai ƙananan ramuka kamar rariya: ka ƙirga rami, ka gicciye zare biyu, ka ƙirga na gaba, har giciye dubu su taru su zama fure ko tsuntsu. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina bai musa ba. Gamawa ce ba na yi. Duk wanda ya tambaye ni ina aikin nan, amsata ɗaya ce.

"Saura kiris."

A ƙarƙashin gadona akwai akwati, a cikinsa ayyuka goma sha ɗaya. Da rigar matashi mai rabin fure. Da tsuntsu mai fiffike ɗaya. Da hular jariri ta kwarashi da na fara wa ɗan yayata, wanda yanzu da ƙafarsa yake zuwa makaranta. Mutane sun ɗauka lalaci ne. Ba lalaci ba ne. Duk ranar da na gano kuskure a aiki, rami ɗaya ya zarce ko ya gaza, sai abin ya fice min daga rai. Ba na iya kallonsa a haka, ba na kuma iya warware wahalata. Sai in naɗe in jefa akwati in sayo sabon yadi.

Kafintana kuwa, karyewar zoben da nake ɗame yadi da shi ce ta haɗa mu. Na kai shagonsa da ke ƙarshen layinmu, ya juya shi ya ce wannan ya gama yawo, in dawo jibi. Da na dawo na tarar ya yi min sabo, sumul, har da ɗan kusa na ɗaurewa da ba ya cizon yadi.

"Me ake yi da shi ne?" ya tambaya.

Na nuna masa tsuntsun.

"Ina ɗaya fiffiken?"

"Saura kiris."

Ya yi dariya har sai da ya riƙe teburin aikinsa. Bayan mako guda na wuce na ga firam a rataye a bangon shagon, babu komai a ciki, daidai girman tsuntsuna.

"Naki ne," ya ce. "Ranar da ya tashi da fiffike biyu, gidansa na jiransa."

Shekara biyu firam ɗin nan yana rataye fayau. Mu kuwa a shekara biyun nan muka yi nisan da ba a dawowa.

Ranar da ya kai ni in gaida Hajiya, tun daga yadda ta amsa sallamata na sha jinin jikina. Doguwar mace ce, da tabarau mai kauri, idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Mai Inji na gefenta tana yanka mata lemo. Ita Mai Inji shagon surfani gare ta, injuna huɗu, abin da zan yi wata uku a kai ita kafin shayi ya huce ta gama.

"Ke ce Saura Kiris?" Hajiya ta ce.

"Ni ce, Hajiya."

"An ce akwati guda gare ki na abin da kika fara kika watsar."

Ban kalli Mai Inji ba, na san bakin da ya kai labarin.

"Goma sha ɗaya ne, Hajiya."

"Au, har kin ƙirga! To 'yar nan, ba ƙinki nake ba. Amma wadda ba ta iya kai rigar matashi ƙarshe ba, ɗana zan damƙa mata? Aure ba yadi ba ne da za ki naɗe ki tura ƙarƙashin gado."

Kafintana ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ya rufe.

Ni kuwa idona na kan kabad ɗin gilashin da ke bayanta. A saman kwanuka akwai wani yadi a naɗe, bakinsa ya ɗan leƙo, na hango koren ganye. Mai sana'a ba ta ɓata ganin sana'arta. Hannu ne mai tsabta, giciye duk sun kwanta gefe guda.

"Hajiya, wancan fa? Na wa ne?"

Hajiya ta waiwaya ta dubi kabad ɗin.

"Nawa ne," ta ce can. "Shekara goma sha tara yana nan."

"Ba a gama ba?"

"Ba a gama ba."

"Ki ba ni in gama miki."

Mai Inji ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ni da injina na roƙa sau uku aka hana ni, sai ke?"

Hajiya ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta miƙe da kanta ta buɗe kabad ɗin, ta ciro yadin, da takardar zanensa da ta yi ja don tsufa, da wani gwangwanin alewa cike da ragowar zare.

"Kwana arba'in," ta ce. "In kin gama shi, kin rufe min baki. Da wannan zaren za ki yi, irinsa ya ɓace a kasuwa. Amma ki ji ni da kyau: in kika taɓa min giciye ɗaya daga ɗinkina, ko ɗaya, kar ƙafarki ta ƙara taka min gida."

"Na ji, Hajiya."

Da muka kusa gida Kafintana ya dube ni.

"Zumata... kin san abin da kika ɗauko kuwa?"

"Yadi."

"Ko mu 'ya'yanta ba ma taɓa shi."

"To ka fara auna katako. Wannan zai fi tsuntsuna girma."

Mama ce ta fi kowa tada jijiyar wuya.

"'Yata ce za a yi wa jarrabawa kamar mai neman aiki? Mazan sun ƙare ne? Maida mata tsummanta!"

"Mama, ni na roƙa."

"Ke ɗin? Ke da hular jariri ta gagara?"

Wannan ta shige ni. Na shiga ɗaki na shimfiɗa yadin a kan gado.

Kai, aiki ne! Bishiya ce a tsakiya mai jajayen furanni, an kewaye ta da reshe mai ganye. Hajiya ta gama bishiyar, ta gama reshen sama, ta sauko da na hagu da na dama har ƙasa. Abin da ya rage shi ne reshen ƙasa kaɗai, wanda zai tashi daga kusurwar hagu ya je ya haɗu da na dama. Na ce a raina, wannan ne ya gagara shekara goma sha tara?

Na tsara kaina yadda ban taɓa yi ba. Ƙirgen rami yana son hasken rana, don haka da na gama shara da wanke-wanke sai bakin taga, ba na tashi sai azahar. Na ja farin zare na wucin gadi a kowane rami na goma don kar lissafi ya kufce min. Duk layin da na gama in soke shi da fensir a takarda. Zaren gwangwani kuwa kamar zinariya nake yankansa, ko ɗan guntu ba na yarwa. Waya ma na kifa ta, sai ƙarfe biyar nake ɗagawa, lokacin da Kafintana ke kira.

"Yau ganye nawa, sanyin idona?"

"Ɗaya da rabi."

"Jiya ma ɗaya da rabi kika ce. Ina rabin jiyan?"

"Ya haɗu da na yau. Kai dai ka iya lissafin ƙusa."

Mama da ta rantse ba ruwanta, a mako na biyu ita ke kawo min shayi bakin taga, ta tsaya a kaina tana cewa wai ta zo duba labule ne.

A rana ta ashirin da biyar na iso kusurwar dama. Na ɗame yadin, na kai allura inda reshena zai sumbaci na Hajiya.

Ba su haɗu ba.

Nata ya tsaya sama da nawa da rami biyu.

Na ƙirga nawa tun daga farko. Daidai. Na sake ƙirgawa da bakin allura, ina faɗa a fili. Daidai. Sai na hau reshen dama na Hajiya, ganye bayan ganye. Kowane ganye layi goma sha biyu ne a takarda. Na farko sha biyu, na biyu sha biyu... na bakwai, goma.

Layi biyu ta tsallake. Daga nan kuma ta ci gaba ta yi ganye biyar a ƙasansa, duk sun haura sama da rami biyu.

Duk mai wannan sana'a ta san doka: in ka gano kuskure, ka warware har zuwa inda yake, ka sake. Wato in cire ganye shida na Hajiya. Na tuna muryarta, *ko ɗaya*. Na naɗe yadin. Wallahi hannuna da kansa ya jawo akwatin nan, na ɗora shi a kan tsuntsu mai fiffike ɗaya, na rufe.

Kwana biyu ban je bakin taga ba.

A na uku na saka mayafi na nufi shago, in gaya wa Kafintana ya haƙura, Hajiya ta yi gaskiya. Na same shi ya kwantar da wata sabuwar ƙofa yana fere gefenta, garin katako har gashin girarsa.

"Lafiya? Idonki ya faɗa."

"Lafiya lau. Wannan ba ita ce ka gama shekaranjiya ba? Me ya same ta?"

"Ita lafiyarta ƙalau. Bangon gidan ne ya karkace, tsohon gini ne. Na kai ta ƙi shiga."

"To ai laifin magini ne."

"Nasa ne mana. Sai in rushe wa mutane bangon da suka shekara talatin a ciki don ƙofata ta fito daidai? Tawa ce sabuwa, ita zan rage. In na fere kaɗan nan, kaɗan can, ba mai ganewa."

Na tsaya ina kallon askin katakon yana zubowa ƙasa.

"Me kika zo gaya min ne?"

"Na manta," na ce. "Ka ci gaba da aikinka, masoyi."

Da gudu-gudu na koma gida. Na zauna da takarda da fensir har na samo hanya. A reshen ƙasa akwai furanni biyu bayan tsakiya, inda reshen ke shigewa bayan fure ya fito ta ɗaya gefen. In ya shiga a layi ɗaya ya fito a na samansa, ido ba zai kama ba. Fure biyu, rami biyu. Sai dai dole in warware rabin aikina, wahalar kwana goma sha biyu, kuma ba da almakashi ba, don zaren gwangwani ba zai isa a sake ba. Da bakin allura zan zare shi, giciye-giciye, in miƙar da shi in sake amfani da shi.

Ni da ban taɓa warware layi ɗaya ba a rayuwata!

Ina cikin wannan ne Mai Inji ta faɗo min ɗaki da wayarta.

Ba a yi awa ɗaya ba Kafintana ya kira. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Hajiya kuka take yi. Tun rasuwar Baba ban ga hawayenta ba. Ta ce a kawo mata yadinta yanzu-yanzu."

"Ba zan kawo ba. Kwana arba'in ta ba ni, saura goma."

"Zumata, ki gaya min gaskiya... kin taɓa ɗinkinta?"

Tambayar ta yi min zafi, amma na haɗiye.

"Ban taɓa ba."

"To zaren da ke cikin hoton?"

"Nawa ne."

"Me zai sa ki warware naki?"

Na dubi yadin da ke cinyata. In na faɗa, kafin magariba dangi duk sun ji cewa Hajiya ce ta yi kuskure, kuma 'yar da take ƙi ce ta tono. Matar da ta ɓoye abu shekara goma sha tara a bayan gilashi, ba ni zan tona mata a waya ba.

"Ba zan iya faɗa ba. Ka yarda da ni kawai."

Na ji numfashinsa, dogo.

"Na yarda," ya ce. "Ki yi aikinki. Ni zan tsaya a ƙofa, ba mai zuwa karɓar yadin."

Ya kuwa tsaya. Kwana goma Hajiya ba ta amsa gaisuwarsa ba. Mai Inji kullum tana gidan, yau ta kawo turare, gobe ta kawo wani ɗan kwali da ta yi wa surfani, tana ta jajanta wa Hajiya kamar an yi mutuwa. Har saƙo ta turo min: *Ki kawo ragowar in rufa miki asiri da inji.* Na mayar mata da hoton babban yatsa.

Ni kuwa na ƙara la'asar a kan safiya. Yatsana ya yi kanta, wuyana ya ƙage. Mama ta karɓe min shara da wanke-wanke, ita ce ma ke miƙar min da tsohon zaren a kan cinyarta tana mita.

"In matar nan ta ƙara gaya miki magana bayan wannan wahala, ni da ita ne."

A fure na farko reshen ya hau rami ɗaya. Na miƙa wa Mama na ce ta nemo inda na sauya. Ta saka tabarau ta cire, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce in daina wasa da hankalinta.

Rana ta arba'in da hantsi na wanke hannu, na goge yadin ta baya, na naɗe shi a farin ƙyalle. Kafintana ya zo ya ɗauke ni. A mota ya dubi ƙyallen da ke cinyata.

"Kin gama?"

"Za ka gani."

Falon Hajiya na nan yadda na bar shi, har da Mai Inji a kujerarta. Na durƙusa na gaida Hajiya. Ba ta amsa ba, hannu kawai ta miƙo.

Na ɗora mata a cinya.

Ba ta ko kalli gabansa ba. Juya shi ta yi ta baya, ta cire tabarau, ta fara bin reshen dama da yatsa. Nan na gane abin da take nema. Hajiya ƙulli take yi a ƙarshen kowane zare, irin na mutanen da, ni kuwa tura jelar nake a ƙarƙashin ɗinki. Ko makaho ya shafa bayan yadin zai raba aikinta da nawa.

Yatsanta ya sauko a hankali. Ƙulli... ƙulli... ƙulli. Da ya iso ganye na bakwai sai ya tsaya.

"Ƙullina ne," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ai sake ɗinkawa ta yi!" Mai Inji ta ce. "Da idona na ga zare cike da faranti!"

"Ke, yi min shiru. Na san ƙullin hannuna."

Ta bi sauran biyar ɗin har ƙasa. Sannan ta juyo yadin, ta maida tabarau, ta kai shi dab da fuskarta. Ta bi reshena daga hagu, ta wuce fure na farko, ta wuce na biyu, ta dawo, ta sake bi.

"Ya aka yi suka daidaita?"

"Nawa na rage, Hajiya. Rami ɗaya a bayan wannan furen, ɗaya a bayan wancan."

"Kenan kin gan shi."

"Na gan shi."

"Kika bar shi? Ai doka cewa ta yi a warware."

"Kin ce ko ɗaya. Kuma na ga mai hannu irin naki ba za ta kasa ganinsa ba. Tunda kika bar shi, da dalili."

Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kan ganyen.

"A gefen gadon babansu nake wannan reshen, lokacin ciwonsa na ƙarshe. Cewa yake in riƙa ƙirgawa a fili, wai muryata na sa shi barci. Ina kan goma ya ce in ba shi ruwa. Da na dawo na ɗauka na kai sha biyu, na rufe ganyen na ci gaba. Biyar ɗin nan na ƙasa, duk yana kwance yana saurarona na yi su. Sai bayan ya tafi na gani. In warware, na warware kwanakinmu na ƙarshe. In ci gaba, ba zai haɗu ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Na ba ki ne don na san ba ya gamuwa, 'yar nan. Na ce ko ki gudu, ko ki sa almakashi. Allah ya yafe min."

Kafintana ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin labarin nan ba, na gani a fuskarsa.

Mai Inji ta miƙe ta leƙo ta kafaɗar Hajiya, tana neman abin kamawa. Sai kuwa ta samu.

"To ai ba a gama ba! Ku duba kusurwar nan, akwai rami a buɗe! An ce kwana arba'in, ga shi ba ta cika ba!"

Gaskiya ta faɗa. A daidai inda reshena zai haɗu da na Hajiya, akwai gurbin giciye uku fayau.

Kafintana ya dube ni, idonsa kamar zai faɗo.

Hajiya ta shafa wurin.

"Kin gama ko ba ki gama ba?"

"Saura kiris, Hajiya."

Mai Inji ta tafa hannu.

"Kun ji ko! Hali zanen dutse!"

Na buɗe jakata na ciro allura, na riga na zura mata guntun koren zare na ƙarshe da ya rage a gwangwani. Na matsa na durƙusa a gaban Hajiya na miƙa mata da hannu biyu.

"Ke kika fara shi. Bai kamata wani hannu ya rufe ba."

Ta kalli allurar kamar ta ga tsohuwar ƙawa.

"Idona ba ya ganin ramin..."

"Ni zan nuna miki. Ke dai ki ƙirga."

Na riƙe yatsanta na kai bakin allurar ramin farko. Hannun bai manta ba. Ta soka, ta ja, ta gicciye.

"Ɗaya," ta ce.

"Biyu."

Kafintana ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

"Uku."

Ta juya yadin, ta ƙulla ƙullinta a ƙarshe, ta ciji zaren da haƙori. Reshen ya kewaye bishiyar, babu inda ya yanke.

Ban san lokacin da Mai Inji ta ɗauki jakarta ba, ƙarar takalminta kawai na ji. Hajiya kuwa ba ta saki hannuna ba. Ta shafa kantar da ke yatsana, ta dubi ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kana min kuka a falo? Je ka gaya wa kawunnanka su shirya, jibi za su je gidan su 'yata."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura mana aure. Bishiyar na rataye a falon Hajiya cikin firam ɗin da ɗanta ya yi, kuma duk baƙon da ya yaba, da kanta take kai yatsansa kan ganye na bakwai ta ba shi labari.

Akwatina ya biyo ni gidan miji. Na buɗe shi a mako na biyu, na fara da tsuntsun. Kuskurensa rami ɗaya ne a gindin fiffike, wanda ya sa na yi fushi da shi shekara huɗu. Na ɓoye shi a cikin gashin wuya, cikin kwana shida ya tashi.

Ranar na shiga shago da shi a bayana. Kafintana na kan aiki, tsohon firam ɗin na nan a bango, ƙura ta lulluɓe shi.

"Amarya da kanta! Yaya tsuntsuna? Saura kiris?"

Na ajiye masa shi a kan teburi, fiffike biyu a buɗe.

"Sauko da firam ɗinka," na ce. "Na gama."